Tsofaffin Kayan Fasahar Gargajiya na Duniya: Ma'anarsu, Darajarsu da Dokar Cinikinsu

A shekarar 2021 aka yi gwanjon wata babbar randar yumɓu a Amurka, aka saye ta kan kuɗi fiye da dala miliyan 1.5. Wanda ya gina ta, David Drake, bawa ne da ya rayu a gundumar Edgefield ta jihar South Carolina a ƙarni na 19, inda ake gina irin waɗannan randuna don ajiye nama da kitse da sauran abinci. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne yakan rubuta sunansa da kwanan wata, wani lokaci har da gajeren baiti, a jikin randa tun tana ɗanya, a zamanin da dokar jihar ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu.

Wannan randa tana cikin rukunin kayan da gidajen tarihi da dillalai ke kira tsofaffin kayan fasahar gargajiya. Kaya ne da talakawa suka yi da hannu don bukatar yau da kullum, aka mora har suka tsufa, daga baya aka gane cewa suna ɗauke da tarihin mutanen da littattafai ba su ambata ba. Duk inda aka je a duniya, darajarsu ta dogara ne kan abu biyu: a same su yadda masu su suka bar su, kuma a san inda suka fito.

Abin da ake nufi da fasahar gargajiya

A wannan fanni, fasahar gargajiya ita ce aikin hannun da mai yinsa ya koya a gida ko a gaban maigidansa na sana'a, ba tare da ya shiga makarantar zane ba. Ana yin sa da abin da ke kusa, kamar itace da yumɓu da ƙwarya da fata da zare da kaba da ƙarfe. Yana bin salon da aka gada a gari ko a ƙabila, kuma yana da aikin da yake yi: na ɗaki da madafa, na gona da farauta, na biki da ibada, ko na wasan yara. Mafi yawan masu wannan aiki ba su sa sunayensu a kai ba, shi ya sa kayan da ke ɗauke da suna, irin na Drake, suke da wuyar samu.

Masana sukan raba wannan rukuni da wasu guda biyu. Na farko shi ne fasahar fada, wato kayan da ƙwararru suka yi wa sarakuna, kamar tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Na biyu shi ne abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, kamar mutum-mutumin yumɓu na Nok da suka haura shekara 2,000. Iyakar da ke tsakani takan shige wa juna, domin maƙerin da ya yi wa sarki aiki yana iya yi wa manomi, amma kayan gargajiya da ake magana a kai galibi na gidan talaka ne, kuma sun iso hannunmu ta hanyar gado.

Wanda ya cika ƙarni da wanda bai cika ba

Kasuwa ta raba tsofaffin kaya aji biyu bisa shekaru. Ajin farko shi ne abin da ya haura shekara 100. Wannan ma'auni yana da tushe a doka, domin jadawalin kaya da hukumomin kwastan na yawancin ƙasashen duniya ke aiki da shi ya ware lamba 9706 ga kayan da suka wuce shekara 100. A Amurka, dokar haraji ta 1930 ta fara ɗaukar abin da aka yi kafin 1830 a matsayin tsohon kaya, saboda daga wannan lokaci ne injuna suka soma mamaye sana'o'i, sai a 1966 aka koma ga ma'aunin shekara 100.

Aji na biyu shi ne abin da ya tsufa amma bai cika ƙarni ba. Babu dokar da ta ƙayyade shi, sai dai al'adar dillalai, waɗanda galibi suke farawa daga shekara 20. Kwanon sha na zamanin mulkin mallaka, ko allon talla da aka zana da hannu a shagon wanzami a shekarun 1970, duk suna cikin wannan aji. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada. Akwai kayan shekara 60 da suka fi na shekara 200 daraja, saboda ingancin aiki ko ƙarancinsu.

Yadda aka fara tara su

Sha'awar adana waɗannan kaya ta taso ne a lokacin da suka fara ɓacewa. A ƙarni na 19, kayan masana'anta masu araha suka shiga ƙauyukan Turai, mutane suka riƙa watsar da na gado. Wani malami ɗan Suwidin, Artur Hazelius, ya ga haka a tafiye-tafiyensa, ya shiga sayen tufafi da kayan gida na manoma. A 1873 ya buɗe tarin da ya zama gidan tarihin Nordiska a birnin Stockholm, a 1891 kuma ya kafa Skansen, inda aka ɗauko gidajen ƙauye ɗungurungum aka sake kafa su a fili guda.

A Japan ma haka ta faru. A 1925, masanin falsafa Yanagi Soetsu tare da magina biyu, Hamada Shoji da Kawai Kanjiro, suka ƙirƙiro kalmar mingei, wadda ke nufin sana'ar hannu ta talakawa. Ra'ayinsu shi ne kwanon shinkafar da maginin da ba a san sunansa ba ya yi dubbai irinsa yana da kyawun da ya cancanci a tsaya a duba. A 1936 suka buɗe gidan tarihin sana'o'in gargajiya a unguwar Komaba ta Tokiyo. A Amurka, Florence Dibell Bartlett ta kafa gidan tarihin fasahar gargajiya ta duniya a Santa Fe, jihar New Mexico, wanda aka buɗe a 1953. A yau yana da kaya fiye da 130,000 daga ƙasashe sama da 100.

Misalai daga Turai

Dokin katako na lardin Dalarna a Suwidin abin wasan yara ne tun asali. Masu saran itace da ke kwana a daji a dogayen dararen hunturu sukan sassaƙa shi da wuƙa su kai wa 'ya'yansu tsaraba. A ƙarni na 19 aka riƙa yi masa fenti da zanen furanni, fatake suna yawo da shi. Ya shahara a duniya bayan baje kolin New York na 1939, kuma har yanzu ana sassaƙa shi a ƙauyen Nusnäs. Tsofaffin dawakin, masu gogaggen fenti da ƙafafun da wasa ya cinye, su masu tara kaya suka fi nema.

'Yartsanar Rasha mai 'ya'ya a ciki, wadda ake kira matriyoshka, tana koyar da wani darasi daban. Mutane da yawa suna zaton ta daɗe ƙarnuka, alhali a shekarun 1890 aka fara yin ta. Vasily Zvyozdochkin ya sassaƙa ta farko, mai zane Sergey Malyutin ya yi mata fenti, kuma guda takwas ne a cikin juna, babbar cikinsu yarinya ce riƙe da baƙin zakara. Ta sami lambar tagulla a baje kolin Paris na 1900, daga nan garuruwa irin su Sergiev Posad da Semyonov suka mayar da ita sana'a. Saboda haka duk dillalin da ya ce yana da matriyoshka ta ƙarni na 18 ya faɗi abin da ba zai yiwu ba.

Misalai daga Asiya

A arewacin Japan, musamman lardin Aomori, sanyi ba ya barin auduga ta yi. Manoma suna saƙa da zaren wani tsiro mai kama da rama, kuma duk ƙyallen audugar da ya shigo hannunsu ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sukan yi wa riga ko mayafi faci a kan faci, da ƙyallaye masu rinin baba, har tufa ɗaya ta ratsa kaka da uwa da jika. Sunan irin wannan tufa boro, ma'anarsa tsumma. Bayan yaƙin duniya na biyu iyalai da dama sun ƙona nasu ko sun binne, don kunyar talaucin da yake tuna musu. Wani mai binciken al'adu, Tanaka Chuzaburo, ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka yana tattara abin da ya saura, kuma a yau ana baje boro a manyan gidajen tarihi.

A Uzbekistan da Tajikistan akwai suzani, babban mayafi mai aikin allura da zaren siliki, wanda sunansa ya fito daga kalmar Farisanci mai nufin allura. Kayan ɗakin amarya ne, ana fara shi tun yarinya tana ƙarama. Akan zana fasalin a kan ƙyallaye da yawa, a raba wa matan gida kowacce ta ɗinka nata, sannan a haɗa. Don haka a tsohon suzani na Bukhara ko Nurata akan ga zanen bai haɗu daidai ba a wurin gami, ko launi ya ɗan sha bamban, kuma masana suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar aikin gida na gaske.

A yankin Mithila na jihar Bihar a Indiya, mata sun daɗe suna zane a bangon ɗakin amarya. Girgizar ƙasa ta 1934 ta rushe gidaje, wani jami'in mulkin mallaka, William Archer, ya ga zanen a bangayen da suka buɗe ya ɗauki hotunansu. Lokacin farin shekarun 1960 aka ƙarfafa wa matan gwiwa su koma zane a takarda don su sayar su sami abinci. Zanen takarda na wancan zamani, wanda aka fi sani da Madhubani, yanzu yana cikin ajin kayan da ba su cika ƙarni ba amma ake nemansu.

Misalai daga nahiyar Amurka

Maharban Amurka sukan sassaƙa agwagwar katako su ɗora a kan ruwa don ta jawo tsuntsayen gaske, kamar yadda maharbin ƙasar Hausa yake ɗaura kan burtu don ya kusanci nama. Kayan aiki ne da ake jefawa cikin jirgi ba tare da an damu ba. A 2007 an sayar da tsuntsaye biyu da Elmer Crowell na jihar Massachusetts ya sassaƙa, kowanne kan dala miliyan 1.13.

A Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata da kogi ya kusa kewayewa a jihar Alabama, mata jikokin bayi sun riƙa haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna don maganin sanyi. Baje kolin da aka yi a Houston da New York daga 2002 ya fito da su idon duniya, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta sa hotunansu a kan sarki. A Meziko akwai ƙananan zane-zane a kan fallen kwano, waɗanda mabiya ɗariƙar Katolika ke kaiwa coci don godiya bayan tsira daga ciwo ko haɗari, da ɗan rubutu a ƙasa mai bayyana abin da ya faru. Mai zane Frida Kahlo ta tara ɗaruruwansu, kuma ana ganinsu a gidanta da ke Coyoacán, wanda ya zama gidan tarihi.

Misalai daga Afirka

Mutanen Akan na Ghana da Kwaddibuwa sun yi ƙarnuka suna ciniki da garin zinariya, suna auna shi da ƙananan ma'aunai na tagulla. Ana yin su ta hanyar fasalta kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba ƙarfe a gurbinsa. Ma'aunan farko sun bi tsarin miskali da fataucin Sahara ya kawo, na baya kuma suka ɗauki siffar mutane da dabbobi masu nuni da karin magana. An daina amfani da su wajen ƙarshen ƙarni na 19, bayan Turawan mulki sun kawo kuɗinsu. A gaɓar tekun Ghana kuma, rundunonin Asafo na ƙabilar Fante suna da tutoci masu hotunan ƙyalle da aka ɗinka a kai. Kusurwar tutar tana taimakawa wajen sanin zamaninta: waɗanda aka yi kafin samun 'yanci a 1957 suna ɗauke da tutar Birtaniya, na baya kuma galibi ta Ghana.

Nijeriya tana da kaso mai yawa a wannan fanni. Akwai tagulla da duwatsun ado na gilashi na Bida, da ƙofofi da kujeru masu sassaƙa na Nupawa, da rinin adire na Abeokuta, da ƙoren Fulani masu zane. Akwai manyan riguna masu aska biyu da aska takwas, na saƙi da tsamiya, waɗanda ake samu a gidajen tarihin Landan da Berlin. Matafiyi Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya yi bayanin yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. A ajin kayan da ba su cika ƙarni ba akwai tukwanen Ladi Kwali, maginiyar Gbagyi da ta shiga cibiyar koyon gini ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

Abin da ke ɗaga daraja ko ya zubar da ita

Abu na farko da ƙwararre ke tambaya shi ne salsala: wa ya yi, a ina, wa ya mallaka, ta yaya ya bar hannunsa. Rasiti ko tsohon hoto ko wasiƙar da ta ambaci abin tana iya ninka farashinsa, kuma manyan gidajen tarihi yanzu suna ƙin karɓar abin da ba shi da tarihin mallaka. Na biyu shi ne fatar jikin abin. Fentin asali, ko da ya goge, da sheƙin da hannu ya bari a jikin akushi bayan shekaru, su ne shaidar tsufa. Wanda ya kankare ya shafa sabon fenti ko banish ya goge wannan shaida, kuma ba ta dawowa. Sai kuma ƙarancin abin, da ingancin aikin, da sanin sunan mai yi idan akwai.

Gane na gaske da na jabu

Tun da kasuwa ta buɗe, jabu ya biyo baya. Akan binne sabuwar sassaƙa a ƙasa, ko a rataye ta a hayaƙin murhu, ko a bar wa gara ta ɗan ci, don ta yi kama da tsohuwa. Hanyar ganewa ta farko ita ce duba inda abin ya goge. Amfani na gaske yana cin wurin da hannu ke kamawa da gindin da ke taɓa ƙasa, tsufan da aka ƙirƙira kuwa yakan mamaye ko'ina bai ɗaya.

Kayan haɗi ma suna ba da shaida. Rinin sinadari na farko William Perkin ya gano shi a Ingila a 1856, don haka tufar da ke da irin wannan rini ba ta riga wannan shekara ba. Keken ɗinki ya fara yaɗuwa a shekarun 1850, ƙusar waya mai zagaye kuma ta mamaye kasuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19. Daga 1891 Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigowa da su, shi ya sa kayan Japan masu tambarin Nippon galibi na tsakanin 1891 ne da 1921. A ɗakin gwaji, akwai awon da ke nuna lokacin da aka gasa yumɓu na ƙarshe. Awon sinadarin kabon yana nuna lokacin da itacen ya mutu ne kawai, kuma ba ya tantance shekaru sosai ga abin da bai wuce ƙarni uku ba. Mai jabu yana iya samo tsohon katako ya yi sabuwar sassaƙa da shi.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana shigo da kayan al'adu ko fitar da su ko sayar da su ta haramtacciyar hanya. Nijeriya tana cikin ƙasashe uku na farko da suka amince da ita, tare da Ecuador da Bulgariya, abin da ya sa ta fara aiki a 1972. Akwai kuma yarjejeniyar CITES mai kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda a ƙarƙashinta aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. Tsohon abu mai haure ko ƙoƙon kunkurun teku yana iya faɗawa hannun kwastan idan ba shi da takardu.

A cikin gida, aikin adana kayan tarihi ya fara ne da naɗin Kenneth Murray a 1943, aka buɗe gidan tarihin Esie a 1945, na Jos a 1952, na Legas a 1957. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ma'aunin wannan doka ya sha bamban da na shekara 100. Ta ɗauki aikin hannu na asalin ƙasar nan a matsayin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuma idan yana da muhimmancin tarihi ko fasaha ko ilimi kuma an taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Irin wannan abu ba a fitar da shi daga Nijeriya sai da izinin hukumar, kuma dokar ta taƙaita saye da sayarwarsa ga hukumar da wakilan da ta amince da su. Wanda ya gaji tsohon tambari ko ƙofa ko takobi, dillali ya zo masa da tayi, ya kamata ya fara tuntuɓar gidan tarihi na ƙasa mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko na Jos.

Adana su a gida

Maƙiyan tsofaffin kaya su ne rana da laima da ƙwari da gyaran ganganci. Hasken rana yana kashe launin tufa, laimar damina tana kawo fumfuna, bushewar hunturu tana tsaga itace da ƙwarya. A ajiye abu nesa da taga da murhu, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Tsohuwar riga an fi so a shimfiɗa ta ko a naɗe ta cikin farin ƙyallen auduga mai tsabta, a guji leda domin tana riƙe gumi, a kuma guji wanki da sabulun gari. Ƙura ana share ta da burushi mai laushi. Kada a shafa wa itace mai, kada a goge tagulla har ta yi ƙyalli, kada a liƙe abin da ya fashe da gam mai ƙarfi kafin a nemi shawarar ma'aikacin gidan tarihi.

Mataki mafi sauƙi shi ne rubutu. A ɗauki hoton abin ta kowane gefe, a auna tsawonsa da faɗinsa, a tambayi dattawan gida sunansa da wanda ya yi shi da garin da ya fito da lokacin da ake fito da shi, a rubuta amsar da kwanan wata a ajiye tare da shi. Irin wannan takarda ce ma'aikatan gidan tarihi ke fara nema idan an kai musu abu, kuma da hoton ne jami'an tsaro za su iya bin sawu idan an sace shi.